Alkamar Saman Buhu

Tun kafin ya sauke buhun daga bayan babur Auta ta gane akwai matsala. Dogo ba ya iya ɓoye komai a fuska. In yana farin ciki har kunnuwansa sai sun nuna, in kuma abu ya dame shi sai ya riƙa kallon takalmansa kamar yau ya fara ganinsu. Yau takalman yake kallo.

"Mama tana ciki?" ya tambaya.

"Ta fita kai taliya gidan abincin bakin titi. Me ya faru?"

Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo alkama ya zuba mata a tafin hannu.

A gindin teburin kwaɓi Auta ta girma, don haka ba ta bukatar bayani. Ƙwayoyin sun yi duhu, sun kumbura, wasu bakinsu ya tsage har ɗan farin tsiro ya leƙo.

"Ruwan nan ne na bazata," ya ce a hankali. "Saura kaɗan in girbe ya sauko, ya ƙi ɗaukewa. A zangarniya ta fara tsiro ina tsaye ina kallo. Wannan ita ce mai dama-damar ciki."

Da alkamar wani manomi ce, da Auta ta jajanta masa ta koma bakin aikinta. Amma wannan buhu aurenta ne ƙunshe a ciki.

Shekarun baya, tun Auta tana goye, Mama ta sayi alkamar shekara guda cur a hannun mahaifin Dogo. Saman kowane buhu tsaba ce mai kyau, ƙasan kuwa wadda ƙwari suka gama cinyewa. Taliyarta ta dinga narkewa a tukunyar mutane, masu saye suka watse, kuma a shekarar ne mijinta ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Mahaifin Dogon ya daɗe da rasuwa, amma har yau Mama ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "mai buhunan nan."

Shi ya sa ranar da ta ji wanda 'yarta take so, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za a yi ba. Auta ta yi kuka, ta yi yajin cin abinci, ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa cikin kwaɓi. Da Mama ta gaji, sai ta gindaya sharaɗi.

"Ya kawo mini alkamar da ya noma da hannunsa. In taliyarta ta tsaya a kan sandar shanya, ya turo manyansa. In ta faɗi, kar wanda ya sake yi mini maganarsa."

To ga alkamar a hannunta.

"Zan jira ta dawo," in ji Dogo. "In gaya mata da bakina. Ruwa ne, ba ni na saukar da shi ba."

"Ka gaya mata me?" Hawaye sun riga sun cika mata ido. "Ka san Mama kuwa? Dalili take nema, kai kuma za ka miƙa mata shi da hannu biyu."

"In ta ce in jira baɗi, zan jira."

"Kai za ka jira. Ni fa? Kana ganin Yaya zai bar ni in sha iska har baɗi? Kullum sai ya shigo da maganar abokinsa Mai Inji. Mai Inji ya gina gida, Mai Inji ya sayi mota, Mai Inji ya gaishe ki. Mama ba ta taɓa cewa dole ba, amma in ana maganar shiru take yi, kuma na san ma'anar shirunta. Na gaji, Dogo. Wallahi na gaji da zama a gidanmu kamar baƙuwa."

"Ki daina kuka mana."

"Ba zan daina ba sai ka yi mini alkawari. Ka ajiye buhun ka tafi. Ka dawo gobe da safe yadda ta ce, kar ka ce komai."

"Auta, alkamar nan ba za ta yi taliya ba. Kin fi ni sani."

"A hannun wani ba za ta yi ba. Zan rage ruwa, in ƙara ƙwai da gishiri, in bar kwaɓin ya huta sosai. Sau ɗaya kawai nake so ta tsaya a kan sanda. Bayan an ɗaura sai mu gaya mata, mu yi dariya."

Ya daɗe yana kallonta.

"Abin da aka ce ubana ya yi, tun ina yaro nake jin sa a bakin mutane," ya ce. "Na rantse ba zan taɓa rufe bakin buhu a kan abin da mai saye bai sani ba."

"Ba kai za ka rufe ba. Ni ce. Ko dai ba ka so na yadda kake faɗa?"

Wannan tambaya ta ci maza da yawa waɗanda suka fi Dogo taurin kai. Ya ɗauki buhun ya shigar mata da shi ɗakin aiki, ya jingine shi kusa da tebur, ya fita ba tare da ya sake ɗaga kai ba.

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace sannan ta tuna da haƙoran Mama.

Mama ba ta taɓa barin alkama ta je inji sai ta tauna ta. Takan ɗebi 'yar kaɗan ta watsa a baki, ta yi ta tauna tana lumshe ido. Alkamar kirki takan haɗe ta zama danƙo a tsakanin haƙora, ita ce mai riƙe taliya ko an ja ta siririya kamar zare. Wadda ta yi tsiro kuwa zaƙi-zaƙi take yi, ta narke ta bi yawu. Ba ƙwai ba, ko me Auta za ta zuba a kwaɓi, buhun nan ba zai wuce bakin Mama ba.

A kusurwar ɗakin akwai tsohuwar ganga mai murfi inda ake ajiye ragowar alkamar bara, da busasshen ganyen darbejiya a ciki don korar ƙwari. Auta ta je ta tsaya a kanta. Sannan ta kwashe saman buhun Dogo ta ɓoye a bokiti, ta ɗebo ta gangar, ta sheƙe ta a faranti har ba sauran ganye ko ɗaya, ta cika bakin buhun da ita ta ɗaure.

Ko kusa ba ta ga kamannin abin da ta yi da abin da aka yi wa uwarta ba. A ganinta taimako ne.

Da yamma Mama ta dawo, ta ajiye tirenta, ta ga buhun.

"Ya kawo ke nan."

"Ya kawo."

Ta wanke hannu, ta kwance igiyar, ta watsa alkamar a baki. Auta ta kama goge injin murza taliya da ta riga ta goge tun safe. Mama ta yi ta tauna. Can ta ɗan dakata, ta kalli buhun, ta kalli 'yarta, ta ci gaba. Daga ƙarshe ta zaro danƙon da yatsu biyu ta ja shi, ya miƙe bai tsinke ba.

"Hmm," ta ce, ta nemi ruwa ta kurkure baki. "Ba laifi."

A bakin Mama "ba laifi" babban yabo ne. Auta ta ji kamar ta durƙusa ta rungume ƙafafunta, ta kuma ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Niyyarta ta kai niƙan wani inji mai nisa inda ba a san ta ba. Amma tana cikin neman mayafi Yaya ya shigo, ya saɓi buhun a kafaɗa.

"Bari in kai wa abokina. Alkamar surukinmu guda, ai sai injin manya." Ya yi dariya. "Ke kuma me ya sa kika yi tsuru-tsuru? Ko kina tsoron ya sa mata yashi?"

Tana kallo ya fita da shi.

Washegari Mai Inji da kansa ya kawo garin, haɗe da buhun da aka juye. Mutum ne mai tsafta da ladabi, ko ƙurar gari ba ka gani a rigarsa duk da sana'arsa. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya gaida Auta da muryar da yake ajiye mata ita kaɗai, sannan maimakon ya tafi sai ya samu kujera kusa da Yaya ya zauna.

Ba a jima ba Dogo ya yi sallama. Ya sa rigarsa mafi kyau, amma idanunsa na wanda bai runtsa ba ne. Mama ta amsa gaisuwarsa, har ta nuna masa benci, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kawo kwanon," ta ce wa Auta. "Yau ni zan kwaɓa."

"Mama, ki bari in yi. Hannunki yana miki ciwo."

"Hannuna ya san aikinsa."

Shi ke nan dabarar ƙwai da rage ruwa ta bi iska. Mama ta tara garin a tebur, ta yi rami a tsakiya, ta zuba gishiri da ruwa daidai yadda ta saba yi kullum. Ta fara murzawa da gindin tafin hannu, tana turawa tana naɗowa. Kwaɓin kirki yakan saki hannu bayan ɗan lokaci, ya yi santsi. Wannan sai ƙara kama mata yatsu yake yi. Ta barbaɗa gari, ta ci gaba. Ta sake barbaɗawa. Ta rufe shi da ɗanyen tsumma ya huta, ta zauna ta harɗe hannuwa.

Yaya ya ɗauko hira, da ya ga ba mai taya shi ya haƙura.

Da lokaci ya yi Mama ta yanko curi, ta miƙa wa Auta hannun injin.

"Juya."

Auta ta juya. Kwaɓin ya fito ta tsakanin ƙarafan da huda-huda, gefensa a yayyage. Mama ta ninke ta mayar, ta sake mayarwa, har ya ɗan yi kama da abin arziki. Suka wuce da shi ta wajen yankan, silin taliya suka zubo, Mama ta tare su a hannu ta rataya a kan sandar shanya da ke gicciye a bakin taga.

Auta ta ƙura musu ido tana addu'a a zuci. Sun tsaya. Na ɗan lokaci sun tsaya, har ta ji Dogo ya saki numfashi.

Sai sili ɗaya ya fara miƙewa, ya sirance daidai inda ya hau sandar, ya tsinke ya faɗi ƙasa. Wani ya bi shi. Kafin a jima sandar ta koma fayau, taliyar tana zube a siminti.

Mai Inji ya gyara murya.

"Mama, ban so in faɗa ba."

Ƙarya yake yi, tun jiya yake so. Amma abin da ya ciro daga aljihu gaskiya ne. Ya kwance ƙullin leda biyu a kan tebur.

"Da nake juye buhun a inji na ga kala biyu. Wannan ita ce ta sama. Wannan kuma ta ƙasa, tun daga tsakiya har gindi. Na ce in na yi shiru na ci amanarki."

Mama ta dubi tsabar mai kyau, ta dubi mai tsiron.

Yaya ya miƙe tsaye. "Na faɗa ko ban faɗa ba? Sana'ar gidansu ce. Uban ya yi, ɗan ya gada."

"Zauna," in ji Mama. Ta juya ga Dogo. "Ka san ruwa ya taɓa alkamar nan?"

"Na sani, Mama."

"Ka sani ka kawo mini, ka yi shiru."

"Eh."

"Wa ya zuba mai kyau a sama?"

Dogo bai san da wannan ba sai yanzu. Auta ta ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya ɗago ya kalle ta sau ɗaya. Ta buɗe baki, ta sake rufewa. Ga Yaya, ga Mai Inji da ya zuba mata ido.

"Ni ne," Dogo ya ce.

"A'a." Kukan ya ƙwace mata. Ta zube a gaban uwarta ta riƙe mata zani. "Mama, ba shi ba ne, wallahi ba shi ba ne. Ni ce. Shi ko sani bai yi ba. Ki duba bayan ƙofa, akwai bokiti, saman buhunsa yana ciki. Ni na kwashe, ni na zuba."

"Ji wata rufa-rufa," in ji Yaya. "Har ya koya miki ɗaukar laifinsa? Tashi, kar ki ba mu kunya a gaban baƙo."

"Ki yarda da ni, Mama. Ki dake ni, ki kore ni, amma kar ki ɗora masa. Tsoro na ji. Na ga kamar in kika tauna tasa shi ke nan na rasa shi, ni kuma ba zan iya ba, na gwada a raina na ga ba zan iya ba."

Mama ba ta kalli bokitin ba. Ta sa hannu a ƙullin farko, ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta sa a baki. Ta tauna a hankali, hawaye yana bin kumatunta. Auta ba ta taɓa ganin uwarta tana kuka a gaban mutane ba.

"Darbejiya," ta ce. "Alkamar gangata ce. Tun jiya na ji ɗacin a harshena, na ce bakina ne, tsufa ne. Ban so in bincika ba, don na ga yadda kika rame, ina so abin ya zama gaskiya."

Ta share fuska da bayan hannu, ta dubi Mai Inji.

"Na gode da ka faɗa. Ka gaida gida."

Bai so tashi ba, amma ba a yi wa Mama musu a ɗakin aikinta. Ya fita, Yaya ya bi shi yana ƙunƙuni.

Suka rage su uku da taliyar da ke ƙasa.

"Mama, tunda kin gane ba shi ba ne..." Auta ta fara.

"Na gane. Ke kin yi mini ƙarya da hannu, shi ya yi mini da baki. Ina tambayarsa, ya dubi tsabar idona ya ce shi ne." Ta juya gare shi. "Na san don ka rufa mata asiri ka yi. Ubanka ma da na je masa da kuka, cewa ya yi iyali gare shi, yunwa ce ta sa. Kowa da dalilinsa mai kyau."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Yarinyar nan tun tana tsayawa a kan kujera ta kai tebur nake koya mata aikin nan. Ba ta taɓa ɓoye mini ko curin da ya lalace ba. Yau saboda kai ta cika bakin buhu da hannunta, ta tsaya tana kallo ina taunawa. Abin da na gudar mata ke nan, ga shi ya same ni a cikin ɗakina tun ba a yi auren ba."

"Ki yafe mana," ya ce, muryarsa a dushe.

"Kana tsammani ban san an yi ruwa ba? A wata duniyar nake? Ranar da ya sauko ina tsaye a tagar nan, na ce wayyo alkamar yaron nan. Na san ba za ta tsaya a sanda ba tun kafin ka girbe ta." Ta ja numfashi. "Jiya da na fita, da gangan na daɗe a hanya ina tunanin abin da zan tarar. Na ce in na dawo na same shi zaune yana jirana, ya buɗe buhun ya ce, Mama, ga abin da ruwa ya yi mini, to ba irin ubansa ba ne. Da yau da safen nan na ce ya turo manyansa."

Auta ta tuna shi tsaye a ƙofar gida jiya yana cewa zai jira ta dawo.

"Ya so ya jira," ta ce da kyar. "Mama, ya ce zai jira ki. Ni na hana shi. Ni na yi ta kuka har ya tafi."

"Kuma ya tafi," in ji Mama.

Ta ɗauki tsintsiya ta fara tattara taliyar da ke ƙasa.

Dogo ya miƙe. Ya ɗauki buhunsa da aka juye, ya kakkaɓe shi, ya ninke shi a hankali ya sa a hammata. Ya je bayan ƙofa ya tsaya a kan bokitin, ya ɗebi alkamarsa mai tsiro cikin hannu, ya dawo ya ajiye ta a kan tebur gaban Mama.

"Ga abin da ruwa ya yi mini," ya ce. "Na makara, na sani."

Mama ba ta ɗago ba, tsintsiyar ce dai ta tsaya.

A bakin ƙofa Auta ta sha gabansa, ta riƙe gefen buhun.

"Dogo, ka ce wani abu. Ka zage ni ma."

Wannan karon ba takalmansa ya kalla ba, ita ya kalla.

"Na gaya miki rantsuwar da na yi," ya ce. "Ke kaɗai na taɓa gaya wa."

Ya zare buhun daga hannunta a hankali, ya fita.